Alwala da Ruwan Marigayiya

Ni da nake cika baki cewa na san Kiristoci ciki da bai, ga abin da na tafka a birnin Lyon na Faransa.

Malam Bulus, abokin aikina a wata masana'anta a Saint-Fons, gefen Lyon, ya roƙe ni in raka shi kufan wani tsohon wurin baftisma da ke bayan babbar cocin Lyon. Matarsa ba ta jima da rasuwa ba, ba ya son zuwa shi kaɗai. Ya ba ni riƙon jakarsa, ya tsaya bakin ramin dutsen da ake baftisma ciki a dā yana addu'a.

La'asar ta yi. Na leƙa jakar, na ga gorar roba da ruwa a ciki, na koma gefe na yi alwala a tsanake, kowace gaɓa sau uku. Da na kurkure baki na ji laka-laka, har na tsine wa pampon Faransa.

Da ya dawo ya ga gorar wayam, sai ya zauna a ƙasa.

"Malam, ruwan Kogin Urdun ne. Marigayiya ce ta ɗebo da hannunta, don baftismar jikanmu. Lahadi za a yi."

Na dubi ƙafafuna. Har sun fara bushewa.

Da ruwan pampo aka yi wa jaririn. Wata biyu Bulus bai kula ni ba. Ranar da ya buɗe baki, wurin cin abinci ne, gaban kowa ya ce, "Ku matsa wa ɗan'uwa, shi ya yi wa kansa baftisma."

Har yau in na ɗauki buta, sai wani ya ce, "Fasto, Urdun za a koma?"