Gidaɗo Ya Zo Kwashe Jujinsa

"...Lafiya lau, ba gajiya. Ya shanun? Suna dai haƙuri da kai?"

Maina ne ke gaisuwar, yana yi yana tari, a ƙofar gidansa da ke bayan kasuwar Magariya. Dattijo ne Babarbare. Wanda yake gaisarwa kuwa Gidaɗo ne, Bafulatanin ƙauyen Kwaya, abokin wasansa tun suna samari. Kun dai san Fulani da Barebari: ba sa rabuwa sai sun wanke juna tas, kuma ba mai fushi.

Amma ran nan ran Maina a ɓace yake. Jujin kasuwa da ke jikin katangarsa ya kama da wuta tun kaka. Tsofaffin tayoyin kamiyo, manyan motocin kaya, da matattun pil, wato batiran rediyo, sai cin wuta suke ta ƙarƙashi, hayaƙi baƙi ƙirin. Fuka ta tasar wa matarsa Ƙande, lokotoron asibiti ya ce ko a raba ta da hayaƙin ko a rasa ta. Har sun ɗaure kaya za su bar gidan da aka haifi Maina a ciki. Shi kuwa girman kai gare shi, wallahi ya gwammace ya tashi da ya roƙi wani.

"Shanu lafiya," in ji Gidaɗo, "su ba sa kwana a bola kamar wasu. Kai bawa, kayana na zo ɗauka."

"Wane kaya gare ka a birni, ban da sanda da ƙwarya?"

"Wancan." Ya nuna jujin.

"Juji?"

"Aradu! Kai bawana ne tun kakan kakanka, abin da ke jikin katangar bawa kuwa na ubangidansa ne. Shekara da shekaru ina ajiyar taki a nan, ka tashi ka sa masa wuta!"

"Ni na sa? La'ilaha! Kai da ba ka wanka sai ruwan sama ya ritsa ka a daji, yau kai ne mai kishin shara?"

"Gara ni. Ku fa, da aka tsattsage muku fuska don kada ku ɓace a kasuwa?"

"Muna sarauta kuna kwana gindin kalgo! To ɗauki kayanka, zuba a aljihu. Ko da waɗannan tsinkayen hannun za ka kwashe?"

Gidaɗo ya sa yatsu a baki ya yi fito.

Sai ga su ta lungun mahauta: takarkarai, jakuna da mangaloli, manoman Kwaya, mutanen Dungas da suka zo cin kasuwa, matasa 'yan ƙungiyar samariya da shebur da manjagara, mata da tuluna daga tabki, har da makaɗin gayya. Ashe tun da Gidaɗo ya ji labarin Ƙande yake bin rugage da ƙauyuka, yana cewa ga taki kyauta a Magariya, duk wanda ya taya kashe wuta ya ɗiba. Ko sau ɗaya bai ambaci damuwar Maina ba, balle a ce an taimaki Maina. Kai, Gidaɗo namiji ne!

Aka kwarara ruwa, aka tone. Tayoyi da pil aka ware gefe, za a binne su can nesa da gari. Ragowar kuwa baƙar ƙasa ce mai kyau, manoma har rububi suke.

"Kai bawa, ka tsaya ka rungume hannu? Karɓi shebur!"

"A hankali dai, kada iska ta ɗauke ka mu rasa abin gaya wa shanu."

Kafin la'asar wurin ya zama fili. Maina ya tsaya jingine da shebur, idonsa ya kawo ruwa, daɗi da kunya duk sun cika shi.

"Af! Kuka kake, bawa?"

"Hayaƙi ne, mahaukacin Bafillace."

"Wane hayaƙi? Ɗaga kai."

Maina ya ɗaga. Rabonsa da ganin sama garau a kan gidansa tun kafin a yanke gero. Ya fashe da dariya, hawaye na bin tsagen fuskarsa, ya leƙa zaure.

"Ƙande! Kwance kayan nan, ba inda za mu. Ki miƙo sabuwar tabarma, ubangidana zai zauna."

"Me ka ce? Ƙara faɗa, jama'a ba su ji ba!"

"Na yau kaɗai, Gidaɗo. Gobe da safe ka koma bawana."