Rana Ta Riga Ni Gwaji

A Birnin Kebbi nake binciken yadda haske ke sa gishirin ƙarfe da aka narkar a ruwa ya farfasa barasar ɗakin gwaji, ta koma ɓarɓashi masu gajeren rai da muke kira radikal. Surukina, shugaban wata sakandare a Argungu, ya gayyace ni in nuna wa ɗalibansa. Na ɗora kwalbar haɗin a gaban gilashin mota, wai don idona ya kasance a kanta. Ni dai jawabina nake ta bita, rana kuwa tana aikinta.

Na tsaya gaban aji, na gyara babbar riga, na ɗaga kwalbar ban ko dube ta ba. "Ku lura, ruwan nan rawaya ne. Da na kunna fitila zai washe."

Surukina ya matso, ya rage murya. "Malam, wanga ai fari na."

Na dage cewa rawaya ne, a dai ƙura ido. Har da shi aka ƙura, don ya rufa mini asiri.

Har yau in na je gidansu, ƙannen matata kan miƙo mini ruwan sha a ladabce, su ce, "Yaya, ya washe ko a kunna fitila?"