Ta Ina Littafin Malam Almu Zai Buɗe?

"Lafiya lau, amarya. Ya hanya? Ya mutanen Funtuwa?"

"Suna gaishe ka, angona. Hanya kam motar fijon nan ta kaɗa ni kamar nono a ƙwarya. Ya na same ka?"

"Kin same ni da rai, abin da ba ki so ba ke nan."

La'asar ce sakaliya a Ketare, ƙarshen kaka, iska na kawo ƙanshin sabuwar dawa daga masussuka. Malam Almu ya shekara arba'in yana rera waƙoƙin damina da noma, yana ajiye su da ajami a gafaka. Bana, da babura da rediyo suka cika gari kowa ya sami abin yi, shi ma ya ɗauki waƙoƙinsa ya kai Funtuwa a buga masa littafi. Jikarsa Safara'u, malamar firamare a Ƙanƙara, ita ta nace sai an ɗauki ƙwararren mai zane, wani Gide, ya yi wa littafin bango.

Abu ɗaya ne ya hana Malam jin daɗin tuwo mako uku. Littafin ajami gabansa yana inda na boko yake da baya. Shekara biyu da suka wuce, wani Malam Labaran na Sheme ya ba 'yan boko aikin bango, suka manna masa shi ta gefensu. Duk wanda ya buɗe sai ya ci karo da ƙarshen littafi. Har yau ba mai kiransa Malam Labaran, sai Malam Baibai. Ga shi yau Safara'u ta dawo da littafi na farko a ƙunshe cikin jarida, ta danne shi a hammata.

"Miƙo ƙunshin nan."

"Ko ruwa ba ka ba ni ba. Wane irin miji ne wannan?"

"Randa na inda take tun kafin a haifi ubanki. Miƙo."

"Gyara zama tukuna. Kada ka gani ka faɗi, in shiga takaba ban shirya ba."

"Takabar wa? Ai na sake ki tun ranar da kika kawo mini mai wando kamar buhun gyaɗa, kika ce shi zai yi wa waƙata riga."

"Gide dai ƙwararre ne. A Zariya ya koyo aikinsa."

"Ƙwararre! Mutum ya zo nan ya wuni, ya shanye mana fura, ko baiti ɗaya bai ce in rera masa ba. Sai zagaya gida yake yana ƙanƙance ido, kamar wanda aka aiko neman gara."

"Aikinsa yake yi, tsoho."

"Da kin bar ni, da tuni na zana abina da tawadata."

"Ai na ga zanen naka. Kai ka ce zabuwa ce, Inna ta ce buta ce, da muka nuna wa liman ya ce Allah ya sawwaƙe."

"Liman ba ya gani sosai."

"Kai ne mai gani? Shekaranjiya fa ka yi wa turmi sallama."

"Turmin ya fi ki ladabi, bai mayar mini da magana ba. To mi ya zana, 'yar nema?"

"Kai ya zana."

"Ni?"

"Kai ɗin. Bisa babur, da baƙin tabarau, rawani na tashi cikin iska, haƙoranka biyu a waje. Bayanka ga jirgin sama na sauka a gonar dawa."

"La'ilaha illallahu! A littafin da ya fara da sunan Allah?"

"Har da rediyo a wuyanka. Ya ce zamani ne, yanzu ba mai sayen littafin da babu jirgi."

"Haƙorana huɗu ne, maƙaryaciya. In zai ci mutuncina ya ci, amma ya cika mini haƙorana."

"Biyun na ciki ba sa fitowa a hoto."

"Ke da aka haifa ba ko ɗaya! Ni na riƙa tauna miki gyaɗa, yau kin zo kina yi wa bakina gori."

"Shi ya sa suka ƙare. Ka ga ni ce na gaje su."

Malam ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa. Ya dubi ƙunshin, ya dubi ƙasa.

"Safara'u."

Idan ya kira ta da sunanta, wasa ya tsaya ke nan. Ta durƙusa a bakin tabarma.

"Bar jirgi, bar babur. Ta ina yake buɗewa? Jibi kasuwar Ƙanƙara, na riga na gaya wa mutane zan zo da shi, har na Faskari da Sabuwa sun ce za su shigo. Shekara saba'in da wani abu ana ce mini Malam Almu. Ba ni son in shiga kabari da wani suna."

Ta warware jaridar ta ɗora masa littafin a gwiwa.

Ya goge tafukansa a jikin riga. Bai tsaya kallon zane ba. Ya lalubi ɗaurin littafin, ya ji shi a hannun dama, ya ɗaga bangon yadda hannunsa ya saba tun yana yaro gaban malaminsa. Sai ga Bisimilla a saman shafi, da rubutun hannunsa, tana jiransa a inda ya bar ta.

Ya sauke wani dogon numfashi, irin wanda manomi kan sauke idan ruwan farko ya taɓa ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

Sannan ya rufe, ya kai bangon kusa da idonsa. Babu babur, babu jirgi, babu mutum ko dabba. Rumbu ne guda a tsaye, zangarniyar dawa ta sunkuyo a kansa don nauyi, can gabas hadari ya haɗo baƙi ƙirin, amma gefensa ɗaya rana ta lasa da ja. A sama sunan littafin ne, da rubutun Malam ɗin kansa, an ƙara masa girma har makaho ya kusa karantawa.

"Ke! Wannan ai rumbuna ne."

"Shi ne."

"Har da tsagar da na ce wa ƙanenki Sanusi ya liƙe tun bara! Mai zanen nan ya tona mini asiri. Yanzu duk ƙasar Katsina za a san rumbuna a tsage yake."

"Za a kuma san a cike yake. Dubi bakinsa."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Bari in gaya maka abin da ban so in faɗa ba sai ka gani," in ji Safara'u. "Da muka isa wurin masu buga littafin, mun tarar sun jera bangon ta gefen boko, har sun shafa wa guda goma gam. Gide ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ce a ɓamɓare. Babbansu ya ce haka suke yi wa kowa. Gide ya ce ya wuni gidan mai littafin yana kallon yadda yake buɗe littattafansa, ba haka yake buɗewa ba. Ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa, ya ce ba inda za shi sai an manna na ƙarshe a gabansa. Ko sallar azahar a nan ya yi ta."

Malam ya shafa bangon da babban yatsa.

"Ashe furar nan ba ta tafi a banza ba."

"Mai wando kamar buhun gyaɗa fa?"

"Wandon dai ba shi da kyau, kada ki sa ni ƙarya. Amma akwai mutum a ciki. Gobe a kama jan zakaran nan a kai masa, a ce in ji ni."

"Shi zakara. Ni da na nemo shi, na sha ƙura da rami har Funtuwa?"

"Ke na mayar da ke ɗakinki. Ya ishe ki."

"Wa zai koma haka nan? Saki a gaban mutane, kome a ɓoye? Sai da biko."

"Kwaɗayayya, jikar kwaɗayayye."

"Ka dai faɗa da bakinka."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ɗauki littafin da hannu biyu ya miƙa mata.

"Ungo. Na farko ne, ba a yin na farko sau biyu. Karanta mini waƙar shuka in ji yadda take a bakin mai haƙora."

Safara'u ta karɓa da rawar jiki, ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya irin ta gaban aji. Hannunta da ya saba da littattafan makaranta ya juya littafin bai shawarce ta ba, ta buɗe ta gefen boko, ta ƙura wa shafin ido.

"Ina ji, amarya. Mi kika gani?"

"Tsaya mana."

"Na tsaya. Mi aka rubuta?"

Ta yi ƙasa da murya. "Tamat."

"Madalla! Malamar makaranta ta sauke littafi tun ba ta fara ba. A kawo ɗan akuya a yi walima!"

Ta kife littafin a fuskarta, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Ka ci, tsoho, wallahi ka ci. Don Allah kada ka faɗa a kasuwa."

"Jibi? Da shi zan buɗe taro."