Yadda Za Ka Saka Aikinka a Shafi Ba Tare da Gwaggo Ta Ji a Waya Ba

Zauna, ɗana, ka huta. Na san abin da ya kawo ka. Kana da sana'a a hannu, kana da waya a aljihu, an kuma faɗa maka cewa masu ɗaukar ma'aikata yanzu shafin mutum na intanet suke fara dubawa. Amma duk sanda ka kai yatsa wurin turawa, sai yatsan ya yi sanyi kamar an tsoma shi a randa. Wannan ciwo yana da magani. Ka bi matakan nan a jere, kada ka tsallake ko ɗaya, na yi maka alkawari duniya za ta san aikinka, ko kana so ko ba ka so. An gwada su a kan mutum guda, sunansa Suma'ila, kuma yana nan da ransa.

Mataki na ɗaya: Ka san wanda kake tsoro

Masu koyar da wannan fanni suna cewa baƙi ake tsoro, masu zagi daga nesa. Ba su san Damagaram ba. Wanda bai san sunan kakanka ba, zaginsa iska ce.

Suma'ila mai haɗa famfon hasken rana ne, yana zaune a unguwar Birni cikin Zinder. In famfo ya mutu a garka ko a rijiyar gari, shi ake kira ya hau ya duba pano, wato faifan da ke kama hasken rana, ya sauko ya bi wayoyi, ruwa ya dawo. Sai wata ƙungiya mai haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a ƙauyuka ta ce tana neman mai kula da famfunanta, aiki na dindindin. Ya kai dosiye, wato takardunsa na neman aiki. Shugabar buron, wato ofishin ƙungiyar, Madam Lubna, ta juya takardun ta ajiye.

"Diplom kowa yana da shi," in ji ta. "Aikin hannunka nake so in gani. Ka saka a shafinka kafin ƙarshen wata, zan duba."

Ya fito yana gumi, alhali akwai fanka a buron. Mahaifinsa ya rasu tun yana lekol, yana ɗan makaranta, ya bar shi a hannun mutum biyu: Gwaggo Kulu, yayar mahaifinsa, a Mirriya, da Kawu Tahiru, ƙanin mahaifiyarsa, a Droum. Kowannensu yana ganin shi ya riƙe yaron. Kowannensu kuma yana da magana guda wadda in ya faɗe ta, sai an shekara ana ba da haƙuri: "Ni a waya na ji."

Kai ma ka nemo naka. Kowa yana da su.

Mataki na biyu: Ka rubuta komai, kada ka tura

Wannan mataki ba shi da haɗari, don haka ka more shi. Ka rubuta sunanka da sana'arka, ka ce kai ƙwararre ne, ka ce kana neman aiki, ka sa lambar waya, ka zaɓi hotuna masu kyau. Suma'ila ya sa hoton famfon da ya haɗa a garkar Gwaggo, da na rijiyar Droum da ya tayar. Ya karanta ya ji daɗi, ya sake karantawa ya ji kunya, ya sa wayar a aljihu.

Masana sun tabbatar cewa rubutun da ba a tura ba, ba a taɓa zaginsa ba.

Mataki na uku: Ka ɗauki labarin a ƙafa ka kai wa manya

Zumunta a ƙafa take. Babba ba ya jin labarinka tare da jama'a, daga bakinka yake ji, kana durƙushe. Ka fara da wanda motarsa ta fi saurin cika.

Suma'ila ya shiga ta Mirriya. Ya tarar da Gwaggo Kulu a garka tana ban ruwa, ga ɗiyarta Wasila tana tsinkar salati. Wasila taubashiyarsa ce, wato Allah ya halatta mata ta faɗa masa duk abin da ta ga dama.

"Ga injiniyan rijiya," in ji ta. "Yau wa ya mutu, famfo ko aljihu?"

Aka gaisa, aka tambayi mutanen Birni ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi bayani, ya miƙa wayar. Gwaggo ba ta karatun boko, sai Wasila ta karɓa, ta gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo.

"Suma'ila Sani, ƙwararren mai haɗa famfo."

"Wa ya ce ƙwararre?" in ji Gwaggo.

"Shi ya ce, Inna."

"Cire. Yabon kai jahilci. In ka ƙware, mutane suna da baki." Ta leƙa hoton ta daɗe. "Wannan ba garkata ba ce? Albasata za ka nuna wa duniya tana tsaka da yin kai? Ka manta bakin mutane ya fi fara ɓarna? Cire."

Ya cire. Ta wanke hannu, ta dube shi ta gefen ido.

"Tahiru ya ji?"

"A'a, Gwaggo. Ke ce ta farko."

Fuskarta ta washe. Ta sa masa albarka, ta cika masa buhu da albasa. Ka lura, a wannan lokacin gaskiya ya faɗa. Ka riƙe ta da kyau, don ita ce ta ƙarshe da za ka samu a arha.

Mataki na huɗu: Ka bar kowa ya ɗauka shi ne na farko

Daga Mirriya ya dawo tasha, bai ko biya gida ba ya shiga motar Droum, don ƙarshen wata yana matsowa. Wannan kuskure ne, za ka ga dalili.

Kawu Tahiru yana zaure yana ɓarar gyaɗa. Shi ya yi yaƙi da jahilci, yana karatu da kansa, a hankali, yana bin layi da yatsa.

"Ina neman aiki," ya karanta. Ya ɗaga kai. "Neman aiki? Mu mun mutu ne? So kake a ce dangin uwarka sun kasa riƙe ka? Cire."

"Kawu, ai aikin ne ake..."

"Wannan kuma rijiyar gari ce, ba taka ba. Ka tambayi mai gari? Cire. Lambar waya ta mece ce? Mai nemanka ya zo ta wurina, ni na san wanda ya dace ya gan ka."

Ya cire. Kawu ya shaƙi iska sau biyu.

"Kamar ina jin ƙanshin albasa. Mutanen Mirriya sun ji maganar nan?"

Suma'ila ya sa ƙafa ya tura buhun bayan ƙofa.

"Haba Kawu. Wa zan fara faɗa wa in ba kai ba?"

Ka duba da kyau, ɗana. Wannan tambaya ce. Ba a taɓa kama mutum da ƙarya a cikin tambaya ba. Kawu ya yi murmushi, ya sa albarka, ya ba shi gyaɗa ya ɗora kan albasar.

Mataki na biyar: Ka tura abin da ya saura

Bayan manya sun gama gyara, ga abin da ya rage a rubutun Suma'ila: "Assalamu alaikum. Ina gaida 'yan uwa da abokan arziki. Na gode wa manyana da suka sa mini albarka." Hoto kuwa, nasa ne na ranar Sallah, yana tsaye jikin bango. Ba famfo, ba pano, ba ɗigon ruwa.

Irin wannan rubutu ba ya ba kowa tsoro, shi ya sa ya iya turawa. Ya yi bismilla, ya danna, ya kife wayar a ƙarƙashin tabarma, ya tafi masallaci. A ransa ya riga ya yi ban kwana da aikin, don ya san Madam Lubna ba bango take nema ba.

Mataki na shida: In manya suna magana, kada ka sa baki

Da ya dawo, wayar ta yi zafi.

Kawu Tahiru ne ya fara rubutu a ƙarƙashin hoton: "Allah ya yi albarka. Ni ya fara kawo wa maganar har gida."

Wasila ta karanta wa uwarta. Gwaggo ta ajiye bokiti ta ce a rubuta, Wasila ta rubuta, ta ƙara gishiri nata: "In ji Inna Kulu, a gaida Tahiru, a tambaye shi ko bai ga buhun albasarmu a hannun yaron ba. Ita aka fara faɗa wa, kamar yadda ita aka fara haɗa wa famfo. Ga shi nan." Sai ga hoton garka, albasa da komai, ruwa yana gudu a kwalbati.

Kawu bai yi gaggawa ba, da yatsa ɗaya yake rubutu. "Famfon garka abin wasan yara ne. Rijiyar da duk matan garinmu ke ɗiba ta mutu ana cikin azumi, shi ya hau cikin rana ya tashe ta. Ga hoto." Bai tambayi mai gari ba.

"In ji Inna, wa ya saya masa akwatin kayan aiki na farko?"

"Tun yana yaro a rediyona ya koyi kwance waya."

"In ji Inna, rediyon da bai sake magana ba har yau?"

Daga nan jama'a suka shigo, kowa ya kama ɓangare. Masu garka na Mirriya suka jero famfunansu, har da mai ɗaukar bidiyo yana cewa a saurari ƙarar ruwan. Mutanen Droum suka kawo na makaranta da na wurin shayar da dabbobi. Wani daga Dakusa, wanda ba dangin kowa ba ne, ya tambaya ko yaron yana zuwa wajensu, Wasila ta ba shi lambar waya a bainar jama'a.

Suma'ila yana zaune yana kallo. Ya rubuta "Ku yi haƙuri," ya goge. Ka yi koyi da shi. Yaro mai tarbiyya ba ya raba faɗan manya, musamman in faɗan yana yi masa talla.

Mataki na bakwai: Ka amsa kira

Washegari da hantsi Madam Lubna ta kira.

"Na duba shafinka. Kai dai ba ka ce komai ba, amma na ga famfo har na gaji. Ka zo ranar Litinin ka fara." Sai ta ƙara da cewa: "Tambaya ɗaya, don duk buro muna gardama a kai. Tsakani da Allah, wa ka fara faɗa wa?"

"Madam, rezo ba shi da kyau a nan, ba na jin ki sosai," in ji Suma'ila.

Mataki na takwas: Ka bar babban tsoro ya cinye ƙarami

Yanzu ga sabon labari, ya fi na farko girma, kuma dole manya su ji. Suma'ila ya tafi tasha. Ga motar Mirriya a dama, ga ta Droum a hagu, kowane ɗan kamasho yana kiransa. In ya shiga wannan, kafin ya sauka wancan ɓangaren ya ji. Tambayar da ta cece shi a zauren Kawu kuwa, ba ta cin kasuwa sau biyu.

Ya sami benci wurin mai shayi ya zauna. Ya ciro waya, ya rubuta: "Alhamdu lillahi, na sami aikin kula da famfunan foraj. Ni ne Suma'ila Sani, mai haɗa famfon hasken rana. Gwaggo da Kawu, ga shi kun ji tare." Ya sa hotonsa a kan pano, da sukurdireba a hannu. Yatsan bai yi sanyi ba. Ya danna kafin shayin ya huce.

Ba a jima ba Wasila ta kira tana dariya har da tari.

"Injiniya, ka gama da kanka. Inna ta ce a waya ta ji."

"Ta yi fushi sosai?"

"Ta sa na kira mata Kawu Tahiru. Rabon da su yi magana tun wani taron suna na dangi bara. Ga su nan tun ɗazu suna zagin yaran zamani, kowa yana ce wa ɗan uwansa gaskiyarka. Sun ce ka zo Juma'a, za su haɗu a nan su yi maka faɗa tare."

"A Mirriya?"

"Wannan ne ba su gama shiryawa ba."

Ranar Litinin ya fara aiki. Tun daga nan kowane famfo ya tayar sai ya saka a shafi, manyan biyu kuma suna rige-rigen sa albarka a ƙasa.

Abin lura

Mai wannan darasi malami ne kawai, ya koyar ya tashi. Alkawarin da ya yi shi ne duniya za ta san aikinka, bai ce komai ba game da zaman lafiyar gidanku. In gwaggonka ta daina aiko da albasa, ko kawunka ya ce ka maido masa gyaɗarsa, ko aka kira ka zaman faɗa a garin da babu inuwa, wannan tsakaninku ne. Kada ka kawo ƙara ƙofata, kada kuma ka ce a wurina ka koya. In aka tambaye ni, zan ce ni ma a waya na ji.