Sabar da Ke Barcin Rana

"...lafiya lau, sai dai ganinka da ya ɓata min yini," in ji Injiniya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Manaja ne ya faɗo ɗan ɗakin nan mai sanyi da muke ajiye saba, wato babbar kwamfutar da duk cinikin shagonmu na kayan gini ke bi ta cikinta. Taubasai ne, shi ɗan Kawu mai shagon, ita 'yar ƙanwar Kawu. Ni da ke kan kantar sayar da kaya, wallahi faɗansu ya fi min rediyo daɗi. Amma ranar da dalili: kullum da tsakar rana sai saba ta tsaya kwafe bayanai don ajiya, komai ya daskare. Babban ɗan kwangilarmu ya rantse in ya sake bushewa a layi, ya bar mu ke nan.

"Baiwar gidanmu, ba ni kalmar sirri in kashe kwafe-kwafen nan."

"Kai? Mutumin da ya goge hotunan aurensa yana neman ƙara hasken waya?"

"Hotunan ne ba su yi kyau ba, kina ciki."

"Ranar da ka goge kayan shago da wannan ƙaton yatsan, kwafin da kake son kashewa ne zai cece ka. Haka saitin ya zo daga kamfani, ba mai taɓa shi."

"Kamfanin kakanki ne? Ni ne manaja, ni ke da magana."

"Manajan kujera. Ni saba ta sani, ko muryarka ta ji zazzaɓi take yi."

"To malamar saiti, ƙarfe nawa suka ce ta riƙa wannan barcin?"

Ta juyo masa da allon tana taƙama. "Karanta, in ka iya. Sha biyun dare."

Manaja ya leƙa ta taga. Rana tsaka, har kwalta na sheƙi.

"Daren wa?"

Injiniya ta sake duban allon. Ashe agogon sabar bai taɓa barin ƙasar da aka ƙera ta ba, darensu ne ranarmu. Na tausaya mata ƙwarai, don na san har jikokinta sai sun ji labarin nan.

"Shekara guda kina gadin barcin mutanen da ba su san da ke ba," ya ce, har da riƙe ciki. "Miƙo kalmar."

"Ko a mafarki. Kai kashewa za ka yi, ni gyarawa zan yi. Amma tunda gadin ƙofa ne aikinka, yaushe shago ke yin shiru?"

"Au, yau ni ake tambaya?"

"Bakinka na ara, ban da hannunka."

Ya gyara wuyan riga ya ce bayan an rufe, kuma a sanar da Kawu tukuna. Ta kira Kawu a gabansa, ya amince, ta gyara agogon, layi ya motsa.

Da zai fita ta jawo wani tsohon madannin kwamfuta mai tsinkakkiyar waya daga ƙarƙashin tebur, ta kakkaɓe ƙurar ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga naka, ranka ya daɗe. Duk saitin da ka ga dama, danna."

Ya fashe da dariya ya rungume abinsa. Madannin yana nan kan teburinsa har yau, kuma duk ranar da ɗan kwangila ya zo, sai ya danna shi ya ce shi ya sa layi ke gudu.