Rasuwar Hasana, Sifikar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ba su huta ba, ni Auwalu Abdulƙadir na unguwar Madabo nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Hasana, sifikar hagu ta ɗan situdiyon da na kafa a shagon gidanmu. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar a kan bencin Salisu mai gyaran rediyo, bayan jinyar mako biyar. Shekararta shida a hannuna. Nawa ta yi kafin nan, sai a tambayi wanda ya sayar mini da ita, domin ya rantse sabuwa ce dal.

Marigayiyar ba ta san kara ba. Abin da ka rera shi za ta maido maka, ko gishiri ba ta ƙarawa. Akwai wani mawaƙin biki da ya zo yana hura hanci, ya ji muryarsa ta bakinta sau ɗaya tak, yanzu atamfa yake sayarwa kuma Allah ya rufa masa asiri. Ta jure zafin bazara a ɗakin da ba taga, ta jure kofin shayin da baƙi ke ɗora mata a ka, ba ta taɓa kai kuka wurin kowa ba.

Ta rasu ta bar 'yar tagwaicinta Usaina, sifikar dama, da makirfo guda mai lotsattsen kai, da wata tsohuwar kwamfuta mai haki kamar ta hau Dala da gudu. Ta bar wayoyi a cukurkuɗe waɗanda ba wanda ya san adadinsu. Ta kuma bar ni, wanda ya yi ajalinta.

Ciwon ya soma ne a makon da na fara aikin da ya fi kowane aiki tsaya mini a rai. Kakata 'Yardada ta haura tamanin, kuma a duk lungunmu ita kaɗai ta rage da ta san waƙoƙin niƙa, waɗanda mata ke yi a kan dutse tun kafin zuwan inji. Shekara biyu ina roƙonta ta bari in ɗauka. Da ta yarda ban yi wasa ba, domin mantuwa ta fara kama ta: takan nemi carbinta yana rataye a wuyanta, takan kira ni da sunan mahaifina. Safiyar farko ta zauna gaban makirfo ta rera, tsigar jikina ta tashi. Na kunna mu ji, sai ga wani gurnani daga bakin Hasana a ƙarƙashin muryar tsohuwa: "Mmmmmm." Usaina, da ke jone a wani soket can daban, ta yi shiru abinta.

Allah shaida ne na yi jinya. Na canja waya sau uku. Na kori wayar salula daga ɗakin, na kashe fanka har gumi ya jiƙa mu sharkaf. Na cire firijin gida wuni guda, zoɓon ƙanwata Sa'ida ya lalace, har yau da kai take amsa gaisuwata. Ita ce ma ta ce aljanu ne, aka yi wa marigayiyar hayaƙi, ta sha abinta ta ci gaba da "Mmmmmm."

Kullum da hantsi 'Yardada ta shigo ta rera, ni kuwa in ɗaga mata hannu in ce, "Dakata, Kaka, akwai ƙara." In goge, mu sake. Waƙa goma sha ɗaya na goge, har daga kwandon sharar kwamfuta, wai ni mai son aiki tsaf. Rannan ta kai wuya ta ce, "Kai maigida, ni ke waƙa ko akwatin nan? In shi kake so, aure shi ka sake ni in huta." Ta tattara zanenta ta shige ciki.

Haushi ya sa na saɓi Hasana sai wurin Salisu. Ya kara kunne, ya girgiza kai irin na manyan likitoci, ya ce ciwon a ciki yake. Ya kwance ta, ya ɗiga mata dalma a wurare huɗu, ya jona. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "Faf!" Hayaƙi ya biyo baya. Salisu ya cire hula ya ce dama kwananta ya ƙare.

Na dawo gida na ɗauko Usaina na jona ta a gurbin 'yar uwarta. Ko minti ba a yi ba ta ɗauki gurnanin nan, sak, ba bambanci. Na kira Malam Shehu mai gyaran wutar lantarki, ya bi waya daga soket ɗin, ta cikin bango, har tsakar gida. A gindin katanga akwai ƙarfen da aka binne da gawayi da gishiri tun ina yaro, wanda ke kwashe ɓatacciyar wuta ya zuba ta a ƙasa. A jikinsa muka tarar da akuyar 'Yardada a ɗaure tana tuƙa, wayar da ke jone da ƙarfen kuwa ta tsinke tana reto.

'Yardada ko gezau. Ta ce, "To ni na san na wuta ne? Na ga turke a banza, ga akuya na ci wa mutane shanya."

Malam Shehu ya ɗaura wayar kafin shayinsa ya huce, ɗaki ya yi tsit. Ashe lafiyar Hasana ƙalau, gaya mini take akwai ɓarna a gidan, ni kuma na kai ta aka farke ta. Na lalubo wani guntun ɗauka na rabin minti da ya tsira daga hannuna, na kunna. Muryar tsohuwa ce garau. Gurnanin bai taɓa shiga ɗauka ko ɗaya ba, a bakin sifika kawai yake tsayawa.

Jiya na lallaɓa 'Yardada ta sake zama. Ta ɗauko waƙar da ta fi so, wadda ta koya a wurin uwarta. Ta yi baiti na farko, ta yi na biyu, ta tsaya. Sai ta juyo ta ce, "Me ke biye, maigida? Ai ka sha ji." Sau tara ta rera mini ita a ɗakin nan. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba, gurnani nake saurare. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba.

Game da jana'iza, ba za a yi wanka ba, domin marigayiyar ba ta shiri da ruwa. An sa ta a kwalinta, za a ajiye ta ƙarƙashin gado. Ana karɓar gaisuwa a zauren gidanmu da ke Madabo har kwana uku. Masu shawarar abin da ya kamata in yi tun farko su riƙe abarsu, Salisu kuma an yafe masa zuwa. Amma duk wanda ke da tsohuwa a gida, a Madabo ko Mandawari ko Yakasai, wadda ta yi niƙa a dutse tana budurwa, don girman Allah ya sanar da ni in turo adaidaita a ɗauko ta. 'Yardada na riƙe da baiti biyun farko, kuma da safe ta fi tunawa. A zo da safe, a kuma zo cikin makon nan.