Yadda Ake Cinye Fizar Suruki da Cikakken Ciki

Kai da ka auri 'yar masu gidan fiza, wato gurasar nan mai tumatir da cuku, a birnin Napoli, tsautsayi kuma ya sa ka ƙoshi a wani wuri kafin abincin Lahadi, kwantar da hankalinka. Matakai shida ne kacal. Bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka tashi daga teburin surukinka da mutuncinka, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. An gwada su a kan maƙwabcina Aniello direban bas, kuma yana nan da ransa.

Surukin Aniello shi ne Don Catello, wanda ya shekara arba'in da ɗaya a gaban tanderu guda a unguwar Sanità. Shekara uku ke nan harshen tsohon ya mutu, ba ya jin ɗanɗanon komai, sai ya kama zabga gishiri a kwaɓi da iyakar ƙarfinsa. Duk unguwa ta sani, ba mai iya faɗa masa. Kowace Lahadi da azahar iyali na haɗuwa a shagon, kowa da fizarsa guda, ba a rabawa, ba a ƙunshewa, kuma kowane faranti ta hannun tsohon yake komawa. Mijin babbar 'yarsa ya taɓa barin gefen fiza a faranti. Tun daga ranar kujerarsa take bakin ƙofar banɗaki, yau shekara goma sha ɗaya.

1. Yi laifinka a nesa

Idan za ka ci amanar suruki, hau jirgin ƙasa ka je wani gari ka ci. Aniello bai yi haka ba. Taku arba'in ya yi daga shagon Don Catello ya tsaya a tagar Saverio, wani mai gasa fiza da tsohon ba ya ko ambatar sunansa, sai dai ya ce “wancan mai gasa takalmi”. Aka naɗe masa fiza gida huɗu a takarda, ya ci a tsaye yana waige-waige. Sai ya ji tausayin ta farko, ita kaɗai a ciki ba abokiyar hira, ya aika mata da ta biyu.

2. Goge shaida, amma kada ka wahalar da kanka a kan matarka

Wanke hannu, goge gemu, duba gaban riga saboda ɗigon man zaitun. Wannan duk don mutanen waje ne. Matar da ta girma a gindin tanderu ba a yi mata ɓoyo. Fortuna, matar Aniello, ta dubi mijinta sau ɗaya a bakin ƙofa.

“Nawa ka ci?”

“Me fa?”

“Aniello, maɓallin wandonka kuka yake yi. Nawa?”

“Biyu. Ƙanana ne, wallahi.”

“Allah ya shirye ka. In Baba ya gane, ni ban san ka ba. Ka je can ku zauna da mijin Yaya, ku riƙa miƙa wa mutane sabulu.”

3. Kada ka kuskura ka ce ba ka da lafiya

Sababbin shiga suna faɗawa cikin wannan rami. A gidan masu fiza ciwo ba uzuri ba ne, kiran abinci ne. Ka ce cikinka na murɗa, surukarka za ta soya maka ƙwallon shinkafa shida don ciki ya zauna. Ka ce zazzaɓi, a dafa taliya. Ka ce likita ya hana ka fulawa, Don Catello zai cire gyauton aikinsa ya tambayi sunan likitan da unguwarsu. Saboda haka shiga da fara'a, sumbaci tsohon a kumatu biyu, ka buga ciki ka ce yunwa za ta kashe ka. Aniello ya buga cikin, cikin ya amsa kamar ganga, amma hayaniyar iyali ta rufa masa asiri.

4. Nemi maɓoya

Masana sun ce duk fizar da ido bai gani ba, an cinye ta. Da faranti ya sauka a gaban Aniello, tumatir na tururi, cuku na malala, ganyen ɗoɗɗoya a tsakiya, sai ya yanki ɓangare ya sauke hannu ƙarƙashin tebur yana laluben jakar matarsa. Jakar a cike take dam da fizar da ita ma ta ɓoye. Ya karkata hagu, ya tarar ƙanin Fortuna ya zo da lema a ranar da ko gajimare babu, lemar ta kumbura ta yi tumbi. Surukarsa da kanta tana tura gefen fiza cikin tukunyar furen da ke bayanta, furen da ya bushe tun bara saboda gishiri. Ya yi wa kyanwar shagon tayi, ta dube shi, ta tashi ta fita titi.

Abin ya ba shi haushi, kuma ya ba shi tausayi. Ashe shekara uku shi kaɗai ne wawan da ke haɗiye tasa da gaske.

5. Fara daga gefe

Ga dabarar da nake alfahari da ita. Gefe shi ne aiki mai wuya, busasshe ne, shi ke cika ciki. Gama da shi tun da sauran numfashi, tsakiya mai laushi za ta zame da kanta. Aniello ya bi shawarata, ya zagaye fizar yana ci, gumi na tsiyaya, yana kora kowace loma da ruwa. Ya kusa haɗe zagayen ke nan sai ya ga inuwa a kan farantinsa. Don Catello ne tsaye a kansa.

“Aniello.”

“Na'am, Baba.”

“Shekara arba'in ina kallon bakin mutane. Mai yunwa tsakiya yake faɗa wa, har ya ƙona harshe. Mai farawa da gefe, ƙoshi gare shi, aiki yake yi. A ina ka ci?”

Wannan ban san da shi ba lokacin da nake tsara mataki na biyar.

6. Idan an kama ka, yi ƙarya

Ce ka ci a wajen gyatumarka. Ba a faɗa da uwar mutum, ko a Sanità. Aniello ya buɗe baki zai faɗi haka, amma ciki ya cika har ƙarya ta rasa hanyar fita.

“Wajen Saverio, Baba.”

Fortuna ta rufe fuska. Daga bakin banɗaki mijin Yaya ya fara matsar da kujerarsa don a sami wurin mutum biyu. Don Catello ya jawo kujera ya zauna, abin da ba a taɓa gani ba ranar Lahadi. Ya fuskanci Aniello.

“Masu cin abincina sun ragu, na ce garin ne ya lalace. Na tambayi matata, ta ce babu kamar tawa. Na tambayi 'ya'yana, haka. Kai da ka riga ka mutu, ba abin da za ka rasa. Me ya sami fizata?”

“Gishiri, Baba.”

“Kaɗan?”

“Kyanwa ma ta yi hijira.”

“Tun yaushe?”

“Shekara uku.”

Tsohon ya bi iyalinsa da kallo ɗaya bayan ɗaya. A daidai lokacin lemar ta gaji ta buɗe, gefen fiza ya watsu a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Ya goge ido da gyautonsa, ya miƙe, ya kama kunnen Aniello ya ja shi har gaban kwanon kwaɓi.

“Ɗanɗana. Daga gobe ƙarfe shida na safe kana nan, kafin ka je ka tuƙa bas ɗinka. Hannu nawa, harshe naka. Fizar farko da ta fito daga tanderu kai za ka ci, har gefe, in ga fuskarka.”

“Kullum, Baba?”

“Har in mutu. Kuma lafiyata ƙalau.”

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba shi da suruki, kuma alkawarin da ya yi a sama na baki ne. Duk wanda ya bi matakan nan ya kumbura, ko aka mayar da shi bakin banɗaki, ko ya wayi gari da aikin da bai nema ba, shi ya jiyo. Kada kowa ya zo mini da ƙara, musamman Aniello, wanda ya ƙara kilo tara, ba ya iya ko kallon tagar Saverio, kuma yanzu duk Lahadi a hannun daman tsohon ake zaunar da shi.